Jan Ƙyallen Maɗugu

Shafi na 23

Saƙo ɗaya aka ba ni in kai wa Maɗugu, ban kai ba. Abin da ya faru ke nan. Babu aljani a ciki, babu sammu, duk da shekara da shekaru haka mutanen Jibiya ke cewa, ni kuma ina jin su ina shiru.

Masu cika mani waya da "Baba Ɗantala ci gaba, Baba Ɗantala ka faye rowa," to ga shi. Kwana shida ina ɗaukar wayar nan ina ajiyewa. Ba rowa ba ce. Wannan shafin ne ba na son rubutawa. Wanda kuma ya ce in gyara rubutuna, aji uku na yi a firamaren Daddara. Ka karanta haka ko ka wuce.

Ga wanda yau ya shigo: Maɗugu maigidana ne, shi ya koya mani gyaran babur tun ina ɗan shekara sha biyu. Kakansa jagoran ayarin raƙuma ne, sunansa ya ci. Ya rantse sai ya bi sawun kakan nan har Agadas a kan babur. Muka tafi mu biyu bayan babbar sallar 1972, ina ɗan shekara ashirin. Yau ranar dawowa ce, kwana na saba'in da biyu.

*

Daga Dakoro muka tashi, ana sallame asuba.

Talata ce, ranata. Na ɗauka alheri ne.

Babur ɗin Maɗugu babba ne, mai salansa biyu, ya sa mashi suna Amale. Nawa ƙarami, Taguwa. Duk tafiyar nan tsari ɗaya ne, Amale gaba, Taguwa baya. Kwana saba'in da biyu ina cin ƙurar mutum ɗaya. Har yau in na rufe ido bayan rigarsa nake gani, shuɗiya, gumi ya yi mata farin zane, buta na lilo a gefen kayansa.

Ku da kuke kiran Katsina zuwa Kano tafiya, Allah ya ba ku haƙuri. Hanyar Dakoro a lokacin gargada ce zalla. In ka yi a hankali haƙoranka su zube, in ka yi gudu rairayi ya kayar da kai. Ga bazara ta kama. Shekarar fari ce, gawar shanu dama da hagu, ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in mun wuce. Buzaye na gangarowa kudu da 'yan raƙumansu, sai su ɗaga hannu, Maɗugu ya danna masu hon sau biyu.

Amma wallahi daɗi nake ji. Iska na shiga ta wuyan riga ta fita ta ƙasa. Injin na amsawa. Babu wanda ya san inda kake duk duniya sai Allah sai wanda ke gabanka. Ban ƙara jin irin wannan daɗin ba, na hau babur ya fi ɗari bayan nan.

Kuma ranar ina da abin da nake jira.

Wanda ya karanta shafi na sha bakwai ya san lokacin da Amale ya mutu mana a bayan Agadas, na yanka gwangwanin kifi na yi mashi faci ya tashi. Ranar Maɗugu ya rungume ni a cikin rairayi, ya ce, "Ɗantala, ranar da za mu shiga gida kai za ka wuce gaba. Jibiya ta ga fuskarka tukuna."

Tun daga ranar nake kwana da maganar nan ina tashi da ita. Har riga na ɓoye a ƙasan jaka, fara, ban taɓa sa ta ba.

Hantsi ya yi muka shiga Maraɗi.

Muka sha mai, muka ci dogon burodinsu mai kama da sanda. Maɗugu ya saya wa matarsa Lantana turmin atamfa da turare. Mai sayar da man yana ɗura mana yana washe baki.

"Ku 'yan Najeriya, an ce yanzu kuɗi daga ƙasa suke ɓuɓɓugowa wajenku. In bi ku?"

Maɗugu ya ce, "Hau bayan yaron can. Amma ka riƙe da kyau, in ya ga budurwa birki yake mantawa."

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Na zagaya bayan rumfa na sa farar rigata.

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya buga kik ya wuce gaba.

Na ce a raina, sai mun zo iyaka.

*

Yanzu ku natsu, nan ne wajen da sai kun gane.

A zamanin nan Nijar hannun dama ake tuƙi, Najeriya hannun hagu. Duk wanda ya zo iyaka sai ya canja hannu. Kowane direba da dabararsa don kada ya manta. Wani ya juya hula, wani ya mayar da agogo ɗaya hannun. Maɗugu jan ƙyalle gare shi, ya yago daga tsohon kallabin Lantana. In za mu shiga Nijar ya ɗaura a kan babur ta dama. In za mu dawo gida ya kwance ya mayar hagu. Kullum a gindin tsamiyar nan ta Magama, kusa da ofishin kwastan. Shekara sha shida yana yi.

Tun kafin mu tafi ana faɗa a rediyo cewa Najeriya ma za ta koma dama. Maɗugu ya ce zance ne. "A juya ƙasa guda kamar waina? Su dai faɗa." 'Yar rediyonmu kuwa rairayi ya cinye ta tun makon farko.

Muka wuce jandarmomin Ɗan Isa lafiya. Rana na tsaka muka iso tsamiyar.

Kusan wata uku ba mu nan, wajen ya canja. Sabuwar kwalta baƙa wuluk ta zo har bakin shinge, tana ƙamshi. Da can jar ƙasa ce. Amma babu mota ko ɗaya, ba ranar kasuwa ba ce, ga zafi. Wata tsohuwa kawai da ƙwaryar fura.

Maɗugu ya kafe Amale, ya miƙo mani fasfo ɗinsa.

"Kai masu su buga. Zan yi alwala."

Ban karɓa ba.

"Maigida."

"Na'am."

"Mun zo iyaka."

"Na gani. Ido gare ni."

"Alkawarin Agadas."

Ya ci gaba da kwance buta. "Wane?"

"Ka ce ni zan wuce gaba."

"Na ce?"

"Ka ce. Ka rungume ni ka ce."

"To na fasa."

Haka kawai. Kamar yana korar ƙuda.

"Maigida, dalili?"

"Kwalta ba rairayi ba ce. In ka faɗi a rairayi ka tashi ka karkaɗe riga. Nan kuwa sai a kwashe ka."

"Wata uku ina bin ka ban faɗi ba!"

"Saboda kana bi na ne."

"Ba don ni ba da yanzu kana bayan Agadas ungulu na..."

"Ƙarasa mana."



Tsohuwa mai fura ta daina damu tana kallonmu.

Ya ce, "Ka iya gyara, Ɗantala. Duk Jibiya babu mai hannunka. Amma ba ka iya hanya ba. Farar riga ba ta koya wa mutum hanya." Ya juya wajen tsohuwar. "Inna, dubi angona. Ya yi kwalliya zai shiga gari, amarya ce babu."

Tsohuwar ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

Dariyar nan ce. Da ba ta yi dariyar nan ba, ban sani ba.

Na fizgi fasfo na shige ofis.

*

Wani dogon ma'aikaci ne a ciki, Kalilu, ya cire hula yana fifita da ita. Ya duba takardunmu ya yi fito.

"Agadas? A kan babur? Ku biyu lafiyarku ƙalau kuwa?"

"Lafiya lau, yallaɓai."

"Yaushe rabonku da ƙasar nan?"

"Tun bayan salla."

Ya ajiye hatimin ya dube ni.

"To buɗe kunnenka. An canja hannu. Yau kwana tara. Yadda kuka taho a dama, haka za ku ci gaba a dama har gida. Kada wanda ya koma hagu."

"An yi da gaske ashe?"

"An yi. Ga allo can mun kafa."

Na leƙa. Allo ne fari da rubutun Turanci. Ni aji uku, Maɗugu ajami kawai. Da shi da bango duk ɗaya ne a wajenmu.

"Wancan da ke alwala tare kuke?"

"Maigidana ne."

"Ka faɗa mashi. Tsofaffin hannu su suka fi ba mu wahala, jikinsu ya riga ya saba. Ka ji ko?"

"Na ji, yallaɓai."

"Akwai shingen soja mil ɗaya gaba. Duk wanda suka gani a hagu sauke shi suke su sa shi tsallen kwaɗo a kan kwalta. Shekaranjiya wani alhaji da babbar rigarsa sai da ya yi ashirin." Ya yi dariya ya buga hatimi. "Ka faɗa mashi."

Sau biyu ya ce. Ba zan yi mashi ƙarya ba, sau biyu.

Na fito.

Maɗugu ya idar da salla, ya sha fura, ya rage mani rabi a ƙwarya da ludayi. Na ce na ƙoshi.

Ya tashi ya je wajen Amale. Ya kama jan ƙyallen nan da ke dama. Ƙullin ya yi tauri, wata uku yana shan rana, sai da ya sa haƙori.

Ina tsaye ina kallo. Taku uku tsakaninmu.

Ya zagaya. Ya ɗaura a hagu. Ya ƙulla sau biyu. Ya ce bismillahi, kamar kullum.

"Sun ce wani abu a ciki?"

Ku ji fa. Shi da bakinsa ya tambaya.

Abin da na gani a raina shi ne Maɗugu riƙe da kunnuwa yana tsalle a kan kwalta, soja na ƙirga mashi. Ni kuma in zo a hankali a hannun dama, da farar rigata, in tsaya in ce, "Maigida, ashe ba ka iya hanya ba?" In wuce. In shiga Jibiya a gaba.

Mil ɗaya ne kawai. Hanya babu kowa. Me zai faru a mil ɗaya?

Na ce, "Ba su ce komai ba."

"To mu je gida. Lantana ta san yau ne, na aika mata tun ranar da muka sauka Dakoro. Dambu za ka ci har ka kasa tashi."

Ya buga kik. Bugu ɗaya Amale ke tashi a ƙafarsa.

*

Aka ɗaga mana sanda muka shiga.

Ya karkata hagu, sumul, kamar ruwa ya bi kwari.

Ni na tsaya a dama, na ja baya kaɗan.

Sabuwar kwalta, jama'a. Bayan wata uku na gargada sai ka ji kamar a kan tabarma kake. Gonaki an share ana jiran ruwa. Ƙamshin gida. Na ga ya gyara zama, ya miƙe bayansa, na san waƙa yake yi, haka yake in ransa ya yi fari.

Ya dubi madubi. Ya gan ni a dama.

Ya waiwayo, ya ɗaga hannu yana yafito ni da ƙarfi.

"Yaro! Hannunka! Dawo hannunka!"

Tsoro yake ji kada mota ta kwashe ni.

Na yi kamar ban ji ba. Har murmushi na yi. Allah ya gani, na yi.

Muka iso inda shingen yake.

Babu kowa.

Duwatsu uku na murhu, da toka, da shatin inda ganguna suka zauna. Ashe da safen nan suka tashi suka koma hanyar Katsina. Kalilu bai sani ba.



Na danna hon. Na sake dannawa. Na murɗa totur har ƙarshe, na kwanta a kan tanki, ina ihu.

"Maigida! Dama! An canja! Dama!"

Iska ta kwashe.

Ya dubi madubi ya ga farar riga ta taho a guje tana hon. Me kuke tsammani zai ɗauka? Mutumin da muka gama faɗa a kan wa zai wuce gaba?

Ya ɗauka ƙwace gaban zan yi.

Na ga ya girgiza kai. Na ga kafaɗarsa na rawa, dariya yake. Ya sauke giya ya ba Amale wuta.

Taguwa ba ta taɓa kamo Amale ba ko a mafarki. Ina ƙara gudu, yana ƙarawa. Ina hon, yana mayar mani da hon sau biyu, irin na gaisuwa.

Ni na kora shi. Wannan ma ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na tsaya cak, da ya tsaya ya dawo ya zage ni. Ni na kora shi.

Akwai wata kwana kafin ka hangi gari, da ɗan tudu, da geza ta rufe gefen. Tana nan har gobe. Na ji ƙugin gingimari kafin in gan ta.

Jan ƙyallen ne abu na ƙarshe da na gani, yana kaɗawa a hagu.

Ya shiga kwanar.

*

Direban ya yi iya yinsa. Shatin tayarsa ya fi taku talatin. Maɗugu ma ya kauce, saura kaɗan ya fita. Ƙarfen gaba ne ya kama Amale ta dama ya murɗe shi ƙarƙashin taya.

Ban san yadda na sauka ba. Na dai ga Taguwa kwance tana juya taya.

Siminti ne a motar, buhu biyu sun fashe, wajen ya yi fari fat. Atamfar Lantana ta warware a kan kwalta. Kwalbar turaren ta fashe. Shekara arba'in da ɗoriya ba na zama inda aka fesa irin turaren nan.

Idonsa biyu. Daga ƙugu zuwa sama babu ko ƙwarzane. Ƙafar dama ce ban iya dubawa sau biyu ba.

Direban ya diro, wani ƙaƙƙarfan Bamaraɗe, Mamman. Hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Ina bisa hannuna! Wallahi ina hannuna! Ku shaida, jama'a! Shi ya taho bisa hannuna, ban gane shi ba sai da munka haɗu!"

Manoma suka fito daga gonaki da fartanya. Aka kama, aka ɗaga, aka ja shi. Na cire farar rigar na ɗaure cinyar da ita, na sa sifana na murɗa har jinin ya tsaya.

Maɗugu ya dubi direban. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kai... me ya kawo ka hannuna?"

"Baba, an canja! Yau kwana tara da anka canja! Ba wanda ya hwaɗa maka?"



Maɗugu ya juyo da kai a hankali ya dube ni. Ya dubi inda Taguwa ke kwance, can a hannun dama.

Da ya zage ni da ya fi.

Sai ga Kalilu a kan keke, babu hula, yana haki. Ya ratsa mutane. Ya ga Maɗugu, ya ga jan ƙyallen a hagu. Ya shaƙo wuyan singiletina.

"Kai! Ban ce ka faɗa mashi ba?"



"Da kai nake! Sau nawa na faɗa maka? Ka faɗa mashi ko ba ka faɗa ba?"

Wani manomi ya gyara riƙon fartanya. Mamman ya matso.

"Shi ya sani? Yaron ga ya sani ya bar shi?"



"Ya faɗa mani."

Kowa ya juya.

Maɗugu ne. Ya dafa ƙasa da gwiwar hannu.

"Sake mashi riga, yallaɓai. Ya faɗa mani a gindin tsamiya. Ni na manta. Hannu ya saba."

Kalilu ya dube shi, ya dube ni. Ya daɗe. Sannan ya sake ni.

"Allah ya kiyaye gaba. Direba, juya motarka. Katsina."

*

A kan buhunan siminti muka kwantar da shi. Ni na riƙe kansa a cinyata.

Haka muka shiga Jibiya. Na ga abokanmu a bakin tasha sun jeru, har da mai kalangu, suna leƙen hanya suna jiran babura biyu. Babu wanda ya dubi gingimarin siminti. Mamman ya rage gudu ya jefa wa wani magana a kai gidan Maɗugu, ya wuce.

Maɗugu ya buɗe ido.

"Mun shiga gari?"

"Mun shiga, Maigida."

"Wa ke gaba?"

Kaina ne wajen direba, nasa na baya.

"To ka samu."

Na fashe da kuka, ƙato da ni.

"Rufe mani baki. Ban mutu ba." Ya kama wuyan hannuna. Har a lokacin riƙonsa kamar filaya. "Ka san abin da ya sa na fasa?"

Na girgiza kai.

"Daren da za mu tafi... a'a, da safe ne. Iyarka ta zo gareji tun daga Daddara a ƙafa. Kana wajen sayen mai. Ta ce, Maɗugu, shi kaɗai gare ni. Ka sa shi a bayanka. Duk abin da ke hanya ya fara samun ka. Ta sa na rantse har sai na sauke ka a ƙofarta."

Motar ta faɗa rami, ya cije leɓe.

"A Agadas daɗi ya kwashe ni na yi maka alkawari. Da na tuna, kwana uku ban yi barcin kirki ba."

"Me ya sa ba ka faɗa mani ba?"

"In ce maka uwarka ta ba ni ajiyarka kamar akuya? Da girman kan nan naka? Da a Agadas za ka tsere mani."

Gaskiya ya faɗa.

"Maigida, ka yafe mani. Soja na ɗauka za su tare ka. Tsallen kwaɗo kawai..."

"Tsallen kwaɗo."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari.

"To ka ji. Na rufa maka asiri gaban hukuma, don da manoman nan sun gama da kai, ni kuma na rantse wa iyarka. Wannan ya wuce. Amma Lantana daban."

"Maigida..."

"Shekara sha tara ban taɓa yi mata ƙarya ba. Ba zan fara yau ba. In ta tambaye ni, zan faɗa mata yadda aka yi. Gara ka riga ni."

"Ita ta raine ni. Ita ke wanke mani kaya. Wallahi ba zan iya ba."

"Ka iya yin shiru. Ka koyi magana."

Ya lalubo wani abu a tafinsa ya cusa mani. Jan ƙyallen ne. Ban san lokacin da ya sa aka kwance mashi ba.

"Riƙe. Ni na gama da shi."



*

Muna isa asibitin Katsina aka shige da shi. Aka rufe ƙofa. Na zauna a gindin wata bishiyar bedi, babu riga, siminti da jini sun bushe a jikina. Mamman ya tsaya tare da ni har aka yi la'asar, ya sayo mani ruwa, yana ta ba ni haƙuri. Shi yake ba ni haƙuri.

Rana ta yi sanyi sai ga wani dattijon ma'aikacin asibiti ya fito, rungume da abu naɗe cikin farin zane.

"Ina ɗan'uwan mai babur?"

Na miƙe.

"Yana da rai. Likita ya ce zai tashi. Wannan kuma haƙƙinku ne. Ka kai a binne kafin rana ta faɗi, maƙabarta na bayan ganuwa."

Na miƙa hannu biyu. Ya ɗora mani.

Da nauyi. Ban san haka take da nauyi ba.

Na juya ke nan zan nufi ƙofa sai na ji muryarta.

"Ɗantala!"

Lantana ce. Mayafi a karkace, takalmi ɗaya. A hannunta langar dambu, ashe tun daga Jibiya take riƙe da ita ba ta sani ba. Ta yi lalle. Ta sa kwalli.

"Alhamdu lillahi, kai lafiyarka ƙalau. Ina maigidan naka? An ce mani ya hau hannun mutane. Shi? Shi da ke koya wa direbobi hanya? Yaya aka yi? Kai kana ina?"

Na kasa ɗaga kai.

Idonta ya sauka a kan jan ƙyallen da ke leƙowa daga aljihuna. Kallabinta ne, ta san abinta. Sannan ya sauka a kan abin da ke hannuna.

"Ɗantala. Mene ne wannan ka rungume?"

Ƙafarsa ce ta dama, daga gwiwa. Wadda yake buga kik da ita.